Akta, Bos da Alƙali: Muhawara Kan Tsofaffin Finafinan Ɗaukar Doka a Hannu, Daga Mahangar Mai Kallo a Ƙasar Kazaure da Babura

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin tsofaffin finafinan da jaruminsu ke yanke ƙauna daga kotu da 'yan sanda, ya ɗauki fansa da hannunsa. Ta auna hujjojin masu yabonsu da na masu kushe su, da misalai daga Amurka da Indiya da Kudancin Najeriya, ta kuma dube su da idon mai kallo a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Matsayarta ita ce, darajar irin wannan fim tana rataye ne a kan tambaya guda: ta yaya jarumi ya tabbatar cewa wanda ya kama shi ne mai laifin, kuma yaya fim ɗin ya yi da wannan tambaya?

Gabatarwa

Duk yaron da ya taɓa biyan kuɗin shiga gidan kallo ya san dokokin fim tun kafin a kunna janareta. Akwai akta, akwai bos. Za a zalunci akta, a kashe masa uba ko ƙanwa, zai sha wuya, sannan ya bi yaran bos ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga uban gidansu. 'Yan sanda kuwa ba sa isowa sai ƙura ta lafa. Lokacin da bos ya faɗi, ɗakin kallo yakan ɗauki sowa, a fito ana maimaita yadda aka yi.

Wannan sowa ita ce abin nazarin maƙalar. Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin Masarautar Kazaure, yankin da ya kutsa tsakanin Jihar Kano da Jihar Katsina, Babura kuma tana Masarautar Ringim, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma ta Kano finafinai suka riƙa shigo musu. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka mallaki manyan silimu na Kano, su ne kuma suka yi ta shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950. Bayan silima aka shiga zamanin kaset ɗin bidiyo, sai faifan sidi, yau kuma shagon cajin waya ne ke tura wa matashi fim, galibi wanda kamfanoni irin su Algaita suka fassara da Hausa. Manazarci Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya kawo laƙabobin da masu kallo suka raɗa wa jaruman Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Irin wannan sabo ba a yin sa da baƙo.

Muhawarar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce a wannan yanki. Mutanensa suna jin labarin abin da 'yan bindiga ke yi a maƙwabciyarsu Katsina, kuma kusan kowace unguwa tana da 'yan sintirin da ake haɗa wa kuɗi. Fim ɗin da ke cewa maganin ɓarawo shi ne namijin da ba ya jiran alƙali yana magana ne a kan abin da ake tattaunawa a majalisun dare.

Inda salon ya samo ƙarfi

Shekarun 1970 ne suka haifi fitattun finafinan wannan salo, a ƙasashe biyu da jama'a suka ƙosa da hukuma. A Amurka, laifuffuka sun yi yawa a manyan birane. A 1971 Don Siegel ya fitar da Dirty Harry, inda Clint Eastwood ya fito a matsayin ɗan sandan San Francisco mai farautar wani makashi da ake kira Scorpio. Ya kama shi, amma aka sake shi domin ba a bi ƙa'ida wajen samo shaidar ba. Daga ƙarshe ya harbe shi, ya cire bajonsa na aiki ya jefa a ruwa. Shahararriyar mai sharhin finafinai Pauline Kael ta yi wa fim ɗin kaca-kaca, tana ganin aƙidar mulkin kama-karya ce a cikinsa. Sukar ta yi tasiri, domin a kashi na biyu, Magnum Force na 1973, miyagun su ne wasu 'yan sanda da ke kashe masu laifi ba tare da shari'a ba.

A 1974 aka fitar da Death Wish na Michael Winner. Charles Bronson ne Paul Kersey, mai zanen gine-gine a New York, wanda 'yan iska suka kashe masa mata suka ci zarafin 'yarsa. Ya samu bindiga, ya riƙa yawon dare yana jan hankalin 'yan ƙwace, yana bindige su. Da 'yan sanda suka gano shi, ba su gurfanar da shi ba, sai suka ce ya bar garin salin-alin, saboda ƙwace ya ragu.

Indiya ma tana cikin nata ƙuncin: tsadar rayuwa, rashin aiki, da cin hanci, har Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci daga 1975 zuwa 1977. A cikin wannan yanayi marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka ƙera wa Amitabh Bachchan siffar fusataccen saurayi a Zanjeer na 1973, ɗan sandan da aka kashe iyayensa a gabansa yana yaro, aka yi masa sharri aka ɗaure shi, ya fito ya nemi fansa. Salon ya ci gaba har Shahenshah na 1988, inda jarumin ke aikin ɗan sanda da rana, da dare kuma ya canza shiga ya hukunta waɗanda doka ta kasa.

Hujjar masu yabo

Masu kare waɗannan finafinai ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa finafinan sun faɗi gaskiyar da talaka ya sani: mai kuɗi yakan sayi shari'a, ƙara takan shekara ba a yanke ba, ɓarawon da aka miƙa yau akan gan shi a kasuwa jibi. Fim ɗin da ya nuna haka bai ƙirƙiri fushin jama'a ba, tarar da shi ya yi.

Babu fim ɗin da ya fi Sholay na Ramesh Sippy ƙarfafa wannan hujja. An fitar da shi ranar 15 ga Agusta, 1975, ya yi shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Ƙauyen Ramgarh yana ƙarƙashin ɗan fashi Gabbar Singh, wanda yaransa ke zuwa karɓar hatsi daga manoma a matsayin kuɗin zaman lafiya. Tsohon ɗan sanda Thakur Baldev Singh ya taɓa kama Gabbar ya kai shi kurkuku bisa doka. Gabbar ya tsere, ya kashe masa iyali, ya sare masa hannaye biyu. Shi ne Thakur ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, su kamo masa shi da rai. Wanda ya ji yadda 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyukan Zamfara haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi ba ya bukatar a yi masa bayanin Ramgarh.

Akwai wata fitowa a fim ɗin da ta cancanci a tsaya a kanta. Limamin ƙauyen tsoho ne makaho, yana da ɗa guda mai suna Ahmed, wanda ya kama hanyar birni neman aiki. Yaran Gabbar suka tare shi. Doki ne ya dawo da gawarsa cikin ƙauye, tare da gargaɗin cewa a miƙa baƙin nan biyu ko a ga abin da ya fi haka. Jama'a suka taru, tsoro ya kama su, suka fara cewa gara a miƙa su a huta. Tsohon ya lallubo gawar ɗansa da hannu. Shi da ya fi kowa rashi, shi ya tsawatar wa mutane kada su miƙa wuya ga azzalumi, sannan ya nufi masallaci domin an kira salla. A nan fim ɗin ya nuna tsoron talaka ba tare da ya raina shi ba, ya kuma nuna abin da tsayuwa ke ci. Mai cewa irin waɗannan finafinai harbe-harbe ne kawai bai kalli wannan fitowa da kyau ba.

Hujja ta biyu ita ce labarin jarumin da ke raba jama'a da annoba ba sabo ba ne ga Bahaushe. Titin da ya ratsa Kazaure daga Kano Daura ya nufa, garin da ake ba da labarin Bayajida, baƙon da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Adabinmu na rubutu ma yana da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Masu yabo suna cewa akta jikan waɗannan ne, kuma kallonsa yana huce haushi, ba ya tunzura kowa.

Hujjar masu suka

Amsar masu suka tana farawa ne daga rijiyar Kusugu ɗin. Abin da Bayajida ya kashe macijiya ce, ba mutum ba. Ba ta da uwa, ba ta da 'ya'ya, ba a kuma iya ɗaukarta a maimakon wata. Ko a hakan, labarin ya ce maganar ta koma fada, Sarauniya Daurama ta bincika, masu ƙaryar su suka yi aka tantance su, sai da aka ga kan macijiyar aka gaskata. Aikin da fim ɗin ramuwa ke yi shi ne ya mayar da ɗan Adam macijiya, domin mai kallo ya ji daɗin mutuwarsa ba tare da zuciyarsa ta dame shi ba.

Death Wish ya fi kowane fallasa wannan. Kersey bai taɓa haɗuwa da waɗanda suka kashe matarsa ba har fim ɗin ya ƙare. Duk waɗanda ya bindige wasu ne daban. Brian Garfield, wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin a 1972, bai ji daɗin fim ɗin ba, domin shi ya so nuna mutumin da baƙin ciki ya gurɓata ne, aka mayar masa da shi gwarzo. Ya sake rubuta wani littafi, Death Sentence, a 1975 don ya warware abin. Kasuwa ba ta saurare shi ba: an yi kashi biyar na fim ɗin zuwa 1994. A watan Disamba na 1984, lokacin da Bernhard Goetz ya harbi matasa huɗu baƙar fata a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, jaridu sun yi ta kwatanta shi da Kersey, mutane da yawa kuma suka yi masa tafi.

Najeriya tana da nata misalin. Ƙungiyar Bakassi ta taso ne a Aba a 1998 daga cikin 'yan kasuwar da 'yan fashi suka addaba, ta samu karɓuwa har gwamnatin Anambra ta ba ta matsayin doka a shekarar 2000. A farkon shekarun 2000 Lancelot Oduwa Imasuen ya shirya Issakaba, inda Sam Dede ya fito a matsayin Ebube, shugaban 'yan banga masu sare kan miyagu. A fim ɗin, tsafi ne ke nuna musu mai laifi, saboda haka batun kuskure bai taso ba. A zahiri kuwa, rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2002 ya lissafa kashe-kashe da azabtarwa da amfani da ƙungiyar wajen cin zarafin abokan hamayyar siyasa, kuma a shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta murƙushe ta.

Shaidar da kyamara ke bayarwa

A nan ne maƙalar ke ganin bakin zaren. Mai kallon fim yana da gatan da babu ɗan sintiri ko alƙalin da ke da shi: an nuna masa laifin da idonsa. Ya ga fuskar bos lokacin da yake kisa, ya ji abin da ya faɗa wa yaransa a ɓoye. Gani ya kori ji. Saboda haka idan akta ya ɗaga bindiga, mai kallo ba ya kokwanto, domin kyamara ta riga ta yi aikin mai bincike da shaidu da alƙali gaba ɗaya. A bakin kasuwa babu wannan kyamara. Abin da ake da shi murya ce guda da ta yi ihun ɓarawo, da wani mutum da ake ganin baƙo ne.

Fim ɗin da ya fi kowane fahimtar wannan ya girmi duk waɗanda aka ambata. The Ox-Bow Incident na William Wellman ya fito a 1943, da Henry Fonda a ciki, labarinsa kuma kamar a karkararmu aka rubuta shi. Labari ya iso wani ƙaramin gari a Nevada cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi mai suna Kinkaid. Mutane suka hau dawakai ba tare da jiran jami'in doka ba. Cikin dare suka tarar da mutum uku suna barci, tare da shanu masu tambarin Kinkaid. Babbansu ya rantse cewa saya ya yi, amma ba shi da takardar ciniki. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum bakwai kacal suka ce a kai su kotu. Da asuba aka rataye su. A kan hanyar komawa suka haɗu da jami'in dokar, ya shaida musu Kinkaid yana nan da ransa, waɗanda suka harbe shi kuma an riga an kama su. Wellman bai nuna wa mai kallo laifin ba, ya bar shi cikin duhun da taron ke ciki. Wannan ne ya sa fim ɗin ke hana barci.

Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025 bai bambanta da wannan ba. Mafarauta 'yan Arewa, yawancinsu daga Jihar Kano, suna dawowa gida daga Fatakwal domin bikin Salla. 'Yan banga suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka yi shelar cewa masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe. Haka a Aluu a 2012, inda aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata. A Arewa maso Yamma kuma, kashe-kashen da aka zargi 'yan sa-kai da yi wa Fulani a kasuwanni da rugage na cikin abubuwan da manazarta ke dangantawa da ruruwar rikicin, har gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka haramta ayyukansu a lokuta daban-daban. Maƙalar ba ta cewa fim ne ya jawo waɗannan. Abin da take cewa shi ne, fim ɗin ramuwa yana saba wa zuciya da tabbacin da rayuwa ba ta bayarwa, kuma ɗan ci-rani daga Gwiwa ko Babura da ke bin hanyar Kudu ya fi kusa da zama baƙon da ake zargi a kan zama akta.

Addinin mutanen yankin ya riga ya yi magana a kan wannan. Musulunci bai raina zafin wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba: ya ba waliyyin jini haƙƙin ƙisasi ko diyya ko yafiya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, Suratul Isra'i kuma ta hana shi wuce iyaka. Amma malaman fiƙihu sun sanya tabbatar da laifi da zartar da hukunci a hannun shugaba ko alƙalinsa, bayan shaidu ko iƙirari. Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar.

Sholay da ƙarshensa biyu

Masu muhawarar suna da abin gwaji a Sholay. A yadda Sippy ya ɗauki fim ɗin da farko, Thakur ne ya kashe Gabbar da takalmansa masu ƙusoshi, sannan ya fashe da kuka. Hukumar tace finafinai ta Indiya, a zamanin dokar ta-ɓaci, ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tafi da Gabbar. Wannan shi ne wanda aka kalla a Kano da ko'ina. An nuna asalin ƙarshen a bainar jama'a a birnin Bologna na Italiya a watan Yuni 2025, bayan an gyara fim ɗin.

Hukumar ta kare doka a baki, amma ta cire kukan Thakur, wanda shi ne ke nuna cewa fansa ba ta dawo masa da hannu ko iyali ba. Isowar 'yan sanda a minti na ƙarshe ba ta koya wa kowa yarda da su ba, ta dai zama abin dariya a gidajen kallo. Darasi ne ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da duk wata irinta: almakashi na iya yanke jini, ya bar tunanin da ke halatta zubar da shi.

Kammalawa

Maƙalar ta raba finafinan gida biyu. Akwai waɗanda suka ɗauki fushin wanda aka zalunta da muhimmanci, suka kuma nuna abin da fansa ke ci ko yiwuwar kuskure, irin su Sholay da The Ox-Bow Incident. Akwai kuma waɗanda suka sayar da kisa a matsayin magani, irin su jerin Death Wish da Issakaba. Na farkon sun cancanci yabon da ake musu, na biyun kuma a kalle su ido buɗe.

Shawarwari uku ne suka biyo baya. Na ɗaya, kamfanonin fassara da suka ƙware a finafinan Indiya su gwada sa wa The Ox-Bow Incident muryar Hausa, domin bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, kuma maganar satar shanu da rasidin kara ba ta bukatar dogon bayani ga mai kallo a nan. Na biyu, marubutan Kannywood, masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990, su rubuta labarin ɗan sintiri kamar yadda yake: mai tocila da gora, wanda ke kwana a waje don wasu su yi barci, wanda jarrabawarsa ta gaskiya ita ce ranar da ya tsaya tsakanin fusataccen taro da wanda aka kama har ya miƙa shi ga hukuma. Na uku, malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da makarantun sakandaren Roni da Gwiwa da Babura su shirya zaman kallo da tattaunawa, a gayyato shugabannin 'yan sintiri da masu unguwanni da jami'an 'yan sanda, a nuna ƙarshen Sholay guda biyu, a tambayi kowa wanne zai zaɓa da dalilinsa.